Naman da Kawu Ke Turawa Gefen Akushi

A danginmu akwai wata ƙarya da muka yi ta renonta har ta yi furfura. Ƙaryar ita ce wai Kawu yana da kuku.

Kawu yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahauci ne kamar kakanmu, wanda ya shigo Njamena tun zamanin Faransa. A Farsha yake sayen nama, a gidansa na Mursal yake shanya kilishi, kuma wanda ya taɓa cin kilishinsa ba ya sake yabon na wani. Bai taɓa aure ba. In an tsokane shi a wurin biki sai ya ce shi wuƙa ya aura, ba ta yaji, ba ta neman zanen sallah. Sai a yi dariya a wuce wurin.

Mutumin da muke kira Kuku kuwa siriri ne mai dogon wuya. Daga Nijeriya ya zo yana saurayi, ya yi sayar da abinci a tasha tare da 'yan daudu, kuma ko da ya bar tashar ya tara gemu, tafiyar nan da karya hannun nan ba su bar shi ba. A can Kawu ya gan shi lokacin da yake kai musu nama. Tun kafin a haife ni suke gida ɗaya. Ni na zauna da su shekara uku ina makarantar lise, wato sakandare, domin gidanmu ya yi nisa, saboda haka ba labari aka ba ni ba. Kuku yana da ɗaki a zaure, an shimfiɗa gado an rataya riga, amma gizo-gizo ne ke kwana a ciki. Ban taɓa ganin kukun da ke yi wa maigidansa faɗa don ya fita ba hula ba, ban kuma taɓa ganin maigidan da ke zama yana yi wa kukunsa fifita in zazzaɓi ya kama shi ba. Bari in faɗa a fili, tunda ni ma furfura ta fara leƙo ni: son juna suke yi, irin na miji da mata, kuma sun fi ma'aurata da yawa da na sani zaman lafiya. Inna, wato mahaifiyata, ta sani. Babban wana, wanda muke kira Alhaji, ya sani. Amma a garin da doka ba ta yarda ba, bakin mutane kuma ya fi dokar kaifi, kalmar kuku ta rufa wa kowa asiri. Mun yi ta faɗinta har muka fara yarda da ita.

Mantuwa ta shigo wa Kawu a hankali, kuma da farko abin dariya muka ɗauke ta. Ya zuba wa kilishi gishiri sau biyu. Ya hau kar, wato ƙaramar bas ta haya, ya tafi Farsha neman wani dillalin shanu da ya daɗe da rasuwa. Wata rana ya yi azahar sau uku, Kuku ya ce a ƙyale shi, ai lada yake tarawa. Abin da ba mu gani ba shi ne aikin da Kuku ke yi a ɓoye. Ya ɗinka wa kowace rigar Kawu ɗan ƙyalle mai lambar waya a cikin aljihu. Ya bi masu kilando na bakin layi, wato 'yan acaɓarmu, ɗaya bayan ɗaya ya roƙe su, in tsohon ya ce a kai shi Farsha su zagaya da shi unguwa su dawo da shi gida. Ya ɓoye wuƙaƙe masu kaifi ya bar masa dakusasshiya guda. Kusan shekara biyu yana riƙe da Kawu haka shi kaɗai, mu kuma muna zuwa ranar Juma'a muna cewa ma sha Allah, Kawu da sauƙi.

Sai ranar sunan maƙwabta. Maza sun cika tabarmi ana jiran shayi, Kuku ya shigo a makare yana ɗingishi, Kawu ya ɗaga murya ya ce, "Ku ba uwargida kujera mana, ba ku ga ƙafarta na ciwo ba?"

Wurin ya fashe da dariya. Wani ya ce gigin tsufa, Allah ya sa mu gama lafiya. Amma Alhaji yana wurin, kuma shi bai yi dariya ba. Kafin mako ya zagayo ya sanar da mu cewa zai ɗauke Kawu ya kai shi sabon gidansa na Gassi, wai can akwai fili da iska.

Aka sallami Kuku kamar yadda ake sallamar kuku. Buhun shinkafa, shadda fara, da godiya kan daɗewa yana yi mana hidima. Ni ce na riƙe shaddar. Ina tsaye a wurin da bakina da komai, ni da ake cewa ba a taka ni in yi shiru, ban ce uffan ba, kuma har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Kuku ya karɓa da hannu biyu ya ce Allah ya saka da alheri. Bai yi gardama ba, domin shi ma maganar ranar suna ta tsorata shi, kuma tsoron ba don kansa ba ne. Ya dai juya wurin Inna ya ce, "Hajiya, ga wasu 'yan abubuwa. Ba ya son ruwan sanyi a wanka. Da la'asar yakan rikice, sai a ba shi abin yi. Maganar abinci kuma..."

Inna ta katse shi. Ta ce, "Na san yayana tun kafin ka san shi."

A Gassi Kawu ya daina cin abinci. In an kawo, zai wanke hannu ya yi bismilla, ya tsamo naman ya yi ta yagarsa ƙanana-ƙanana, ya zare jijiya, ya tura shi can ɗaya gefen kwanon. Sai ya naɗe hannu ya zauna yana jira. A yi lallashi, a yi faɗa, a kai masa loma baki, ya kau da kai. Shayi kaɗai ke shiga cikinsa, shi ma sai an dage. Ni ban ga wannan da idona ba, a waya Inna ke ba ni labari. Ina shagon ɗinkina a Mursal ina fakewa da nisan hanya, alhali kunyar shaddar nan ce ta hana ni zuwa.

Inna ba ta sha wahalar gano dalili ba. Gassi jiya-jiya daji ne, kuma an sare wata tsamiya kafin a kafa harsashin gidan. Ke nan masu wurin ne suka zo karɓar hakkinsu, Kawu kuma yana raba musu nama. Aka ɗauko malami. Ya turara ɗaki har idon kowa ya yi ja, ya dafa kan Kawu ya kama karatu. Bai yi nisa ba Kawu ya buɗe ido ya ce, "Malam, ka tsallake aya." Aka duba, ya tsallake ɗin. Mutumin da bai san ko ranar wace ce ba, ga shi yana gyara wa malami karatu. Malam ya ƙarasa a gurguje, ya ba da shawarar a riƙa zubar da naman a bayan katanga. Kyanwoyin Gassi suka yi ta ƙiba, Kawu yana ta ramewa.

Alhaji shi ɗan boko ne, sai ya ce asibiti. Wannan karon na bi su, kuma da na ga Kawu a mota gabana ya faɗi, domin hular kansa ma ta yi masa yawa. Likitar mace ce, tana haɗa Larabci da Faransanci. Ta ce ba iska ba ce, ciwon mantuwa ne, ba ya warkewa amma ana iya sauƙaƙa wa mai shi. Ta ce in ya ci gaba da ƙin abinci yunwa za ta riga ciwon kai shi ƙasa. Sai ta tambaya, "Wa ya fi saninsa? Matarsa? 'Ya'yansa? Wa ya san yadda yake ci da yadda yake wanka?"

Alhaji ya amsa mata da Larabci, "Mafi, babu. Ba shi da kowa sai mu."

Na buɗe baki, Inna ta taka mini ƙafa.

Likitar ta ce sunaye da fuskoki suna gudu, amma abin da jiki ya saba yi shekara da shekaru yakan daɗe bai tafi ba, don haka a kewaye shi da abubuwan da ya saba da su. Alhaji ya ji wannan da kyau. Washegari ya ɗauki motar kaya ya je Mursal ya kwaso kujerar Kawu, da rediyonsa, da butarsa, da tsohon akushin da yake ci a ciki, har labulen ƙofa bai bari ba. Ya kwaso komai da komai, ban da mutum ɗaya.

Ranar na kwana a Gassi, kuma washegari da rana na zauna a bakin ƙofa don in ga rabon aljanun nan da idona. Aka kawo tuwo da miyar kuɓewa a akushi. Kawu ya wanke hannu. Ya tsamo tsoka ya fara yaga, yatsunsa na tafiya kamar ba su tsufa ba. Ya zare jijiya ya ajiye a murfi. Ya danna kowane yanki da babban yatsa ya ji laushinsa, wanda bai yi masa ba ya sake yagawa. Sannan ya tura gefe ya naɗe hannu.

Dariya ce ta fara kama ni, irin wadda ba ta tsayawa, har Inna ta fara salati tana zaton masu tsamiya sun koma kaina. Daga baya kuka ya biyo.

A shekarata ta biyu a gidansu kilando ya kayar da Kuku a shataletale, ya baro rabin haƙoransa a kan kwalta, sauran kuma suka bi su ɗaya bayan ɗaya. An yi masa na roba, amma suna cin dasashinsa, sai ya ajiye su a gwangwani don ranar biki. Tun daga lokacin Kawu ke yaga masa nama. Kuma ba ya kai loma baki sai Kuku ya fara ɗauka ya ce, "Ya isa haka, mahaucin banza, ci naka." Kullum, rana da dare, fiye da shekara ashirin. Na gani sau ba adadi, kuma da ban ɓoye a shago ba da tuni na gane.

Na ce, "Inna, aljanin nan na san shi. Ba shi da haƙori ko ɗaya, kuma mu muka ba shi shadda."

Babu wanda ya tambaye ni wa nake nufi. Alhaji ya ce to ai da sauƙi, ni in zauna in ci in faɗi maganar. Na wanke hannu na zauna gaban Kawu, na ɗauki yanki guda, na ce ya isa haka, ci naka. Mahaucin banza dai ban iya faɗa wa kawuna ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke, haƙoranki lafiya lau. Ajiye." Na ajiye.

Alhaji ya ce, "Tsoho marar haƙori ai ba ya wuya a Njamena."

A nan ne bakina da ya ɓace ranar shadda ya dawo. Ba zan maimaita duk abin da na faɗa wa babban wana ba, domin daga baya sai da na durƙusa na ba shi haƙuri. Na dai tambaye shi ko ya fi son ya tsaya a maƙabarta ana yi masa ta'aziyya da mutuncinsa cikakke. Ya ce ni ban san bakin mutane ba, shi ne ke zama a kasuwa da masallaci. Gaskiya ya faɗa, kuma ba mugun mutum ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. A ƙarshe ya ce to Kuku ya zo da rana ya ba Kawu abinci, da la'asar ya koma. Inna kuwa tana kallon akushin.

Na sami Kuku a wani ɗaki a bayan kasuwar Mursal, wurin abokansa biyu na zamanin tasha. Dukansu tsofaffi ne, babu mai mata babu mai ɗa, ɗaya ma idonsa ya tafi. Su suke dafa wa juna, su suke kai juna asibiti, kuma gardamarsu kan wa ya fi iya miya ana jin ta daga bakin layi. Kuku bai amsa gaisuwata ba ma, ya ce, "Yana ci?" Na girgiza kai. Ya jawo jaka daga ƙarƙashin gado, ashe tun ranar da aka sallame shi take a ɗaure.

Yana shiri makahon ya kama hannuna ya ce, "'Yata, ku riƙe shi da kyau. Mu irinmu wanda ya san mu ba dangi ba ne, dangi kuma ba su san mu ba. In kanmu ya juye, wa za a tambaya?" Sai ɗayan ya ce masa kai kanka ya daɗe da juyewa ai, babu wanda ya lura ne, suka koma faɗansu.

Kuku ya fito na kusa kasa gane shi. Ashe ya ba da shaddar nan an ɗinka, ya kafa hula, ya fesa turare, ya kuma saka haƙoran biki. Ya ce gidan Alhaji za shi, ba zai ba da kunya ba. Muka hau kar, aka cusa mu kamar buhunan gawayi, kuma duk ramin da motar ta faɗa sai ya dafe baki kada haƙoran su riga shi sauka. Hanyar Gassi ba ta taɓa yi mini tsawo kamar ranar ba.

Muka shiga, Kawu yana kan kujerarsa. Ya ɗaga kai ya dubi baƙon, ya miƙa hannu cikin ladabi ya ce, "Lale, Alhaji. Daga ina?"

Na dubi Kuku. Shekara arba'in da wani abu, ga shi ana tambayarsa daga ina. Amma ya karɓi hannun ya ce, "Daga Mursal, ranka ya daɗe." Alhaji ya dube ni da irin kallon nan na ga shi nan ai. Ni kuwa zuciyata ta karye, na ce a raina mun makara.

Aka kawo akushi. Kuku ya naɗe hannun riga ya zauna a ƙasa, a gefen da ya saba zama. Ya cire hular. Sannan ya juya baya kaɗan, ya zare haƙoran ya jefa a gwangwani, ƙarar ta cika ɗakin. Kumatunsa suka koma inda muka san su. Kawu ya gama yagar nama ya tura, ya naɗe hannu. Kuku ya ɗauki yanki guda ya kai baki, ya mamula, ya haɗiye.

Ya ce, "Ya isa haka, mahaucin banza, ci naka."

Kawu ya yanki tuwo ya dangwali miya ya ci. Ya sake yanka. Babu wanda ya motsa a cikinmu, kada mu ɓata abin. A loma ta biyar ko ta shida ya sunkuyo wurin Kuku ya rage murya, irin ragewar tsofaffi da ake ji har tsakar gida, ya ce, "Ina da wani a Mursal, shi ma ba haƙori kamar kai. Ya fi waɗannan iya miya nesa ba kusa ba."

Kuku ya ce, "Haka ake faɗa."

Kawu ya ce, "Ci da sauri kada ya shigo ya gan mu. Kishi gare shi."

Kuku ya yi dariya da bakin nan nasa fayau, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Na san shi. Yau dai ba zai ce komai ba." Suka cinye akushin tas, Kawu har da suɗe yatsu. Wata kyanwa da ta saba ta zo bakin taga ta yi jira ta gaji ta tafi.

Da la'asar ta yi Alhaji ya fito yana kaɗa makullin mota, zai kai Kuku bakin titi. Kuku ya miƙe ya ɗauki jakarsa da gwangwaninsa, bai roƙi kowa ba. Inna tana zaune a kan darduma da carbi a hannu. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Ina za shi?"

Alhaji ya ce, "Haka muka yi, Inna."

Ta ce, "Kai ka yi. Gyara ɗakin bakin ƙofa ka sa gado ka rataya riga, masu kallo su kalla. Jakar kuma a kai ta ɗakin yayana. Kalas, magana ta ƙare."

Alhaji ya tsaya da makulli a hannu, sannan ya karɓi jakar da kansa ya shiga da ita. Inna ta matsa gefe ta bar wuri a kan dardumar. Tun da nake ban taɓa jin ta kira mutumin nan da wani abu ba sai kai Kuku. Ta dube shi ta ce, "Yaya, zauna. Ranar nan ka fara faɗa mini maganar wanka da abinci na katse ka. Ƙarasa."

Ya zauna a bakin dardumar. Ya fara daga ruwan wanka, mai ɗumi, a fara zubawa daga ƙafa domin in aka fara daga kai yakan firgita. Da la'asar a ba shi dakusasshiyar wuƙar da albasa ya yi ta yanka. In ya tambayi mahaifiyarsu kada a ce ta rasu, a ce ta je unguwa, in ba haka ba zai yi sabon kuka kamar yau aka yi mutuwar. Inna ta ce in ɗauko takarda in rubuta. Ya fi awa guda yana faɗa, na cika shafi huɗu, kuma babu abu ko ɗaya a ciki da mu danginsa muka sani.